Tana Da Ɗa a Gari

Akwai wani mutum, jama'a, da abokan aikinsa suke kira Baban Miliyan. Kada ku ɗauka mai kuɗi ne, albashi yake jira kamar ni da ku. Miliyan ɗinsa na mutane ne, kuma dukkansu a cikin kwamfuta suke zaune.

Bari in warware muku, don ni ma sai da aka maimaita mini kafin na gane.

A wata hukuma yake aiki, wadda ke yanke shawarar inda za a sa kuɗin lafiyar jama'a. Kuɗin ba ya isa, ciwo kuma ba ya ƙarewa, saboda haka dole a zaɓa. A sayi magani ko a ɗauki ma'aikata? A gina ɗakin haihuwa ko a yi rigakafi? Shi aikinsa ya hango wanne ya fi amfani tun kafin a taɓa kuɗin.

Ga yadda yake yi. Sai ya ƙirƙiri mutane a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, har su kai miliyan. Kowanne da shekarunsa, da nauyinsa, da ciwon da ke jikinsa, da ko yana shan taba, da ko yana da 'ya'ya. Sai ya danna maɓalli, kwamfuta ta riƙa tura su gaba shekara-shekara tana jefa wa kowa ƙuri'a. Wannan ciwon zuciya ya kama shi, wancan ya warke, waccan ta mutu.

In sun gama rayuwarsu, sai ya mayar da su farko, ya canja abu ɗaya tak, misali ya ba su wani magani, ya sake sakin su. Bambancin da ya fito tsakanin rayuwar farko da ta biyu shi yake kai wa manya, su kuma su sa hannu.

Aikin yana da amfani, ba zan ɓoye ba, kuma mutumin ya iya shi. Ya taɓa hana a zubar da dukiya a kan wata na'ura ta burga, aka sayi maganin yara da kuɗin. Abin da ya ɓata shi ji da kai ne. Tun daga ranar da aka tafa masa a taro kansa ya fasu, ya koma tafiya yana hura hanci. In ka gaishe shi da safe ka ce ya aiki, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na kashe mutum dubu hamsin kafin shayi, zan tashe su in na sha." Wasu su yi dariya, wasu su nemi tsari a zuci su wuce.

Yana da uwa, kowa Inna yake ce mata. A can ɗaya gefen gari take, a tsohon gidan da ta raine shi, shi da ƙanwarsa Auta wadda aure ya kai wani gari mai nisa. Ya yi ya yi ta dawo gidansa ta ƙi, ta ce ita ba za ta iya zaman bene ba, inda mutum ba ya jin sallamar maƙwabta. Ɗakinta gadon ƙarfe ne, da rediyo, da kujerar roba ɗaya ta baƙi, da wani gwangwanin biskit a kan taga wanda take ajiye magani a ciki.

Inna tana da hawan jini, amma bai taɓa kayar da ita ba. Dalili kuwa, hukumar da ɗanta ke aiki tana da wani shiri na bin tsofaffi gida-gida. Duk wata wata ma'aikaciyar jinya takan zo, ta auna jinin Inna, ta duba gwangwani ta ga ko an sha magani, ta yi mata faɗan gishiri, ta bar mata na wata mai zuwa. Inna ba ta damu da sunanta ba, Mai Awo take ce mata. Da ta ji ƙarar ƙofar gida da wannan sallamar, sai ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta miƙa dantse tun kafin yarinyar ta cire takalmi.

Ana nan, sai wata rana Darakta ya kira Baban Miliyan ofishinsa.

"Wannan shirin na bin tsofaffi yana cin kuɗi kamar gara," in ji Darakta. "Ka tambayar mana mutanenka. In aka rage shi, me za a rasa?"

"An gama, yallaɓai."

Ya zauna ya haɗa mutanensa, ya ba tsofaffin cikinsu hawan jini. Komai ya tafi daidai har ya zo wani wuri ya cije. In aka daina bin tsoho gida, wa zai riƙa kai shi asibiti a auna shi a ba shi magani? Babu wanda ya taɓa fita ya tambaya, saboda haka babu lamba. A irin wannan aiki, in babu lamba sai ka sa zato, ka rubuta cewa zato ne.

Ga zaton da ya sa: duk tsohon da yake da ɗa ko 'ya baligi a gari ɗaya da shi, za a kai shi asibiti duk wata, ba fashi. Ɗari bisa ɗari. Tun da kuma lokacin ɗan da kuɗin motarsa ba daga aljihun hukuma suke fita ba, sai ya rubuta musu sifili.

Ya danna maɓalli. Amsa ta fito tas, abin sha'awa. A bar shirin ga waɗanda ba su da kowa, a cire masu 'ya'ya a gari, kuɗi mai yawa zai rage, kuma ko mutum ɗaya ba zai ƙaru a cikin matattu ba. Ya jingina da kujera yana murmushi shi kaɗai.

To, a hukumar akwai wata likita da ta bar asibiti ta dawo aikin ofis, ita ke karanta aikinsa kafin ya hau sama. Dakta kawai ake ce mata. Ba ta da hayaniya, amma in ta sa tabarau ta riƙe biro, kowa yakan sha jinin jikinsa. Ta shigo ofishinsa da takardun a hannu, ta ja kujera ta zauna.

"Wannan ɗari bisa ɗarin, daga ina ka samo shi?"

"Zato ne, Dakta. Na rubuta a ƙasa."

"Na gani, da baƙaƙen da sai da na kusa manna ido. Mayar da shi rabi mu gani. Ka ce rabin 'ya'yan ne kawai za su riƙa kaiwa."

Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ya canja lambar, ya danna. Kwamfuta ta yi ta huci. Da amsar ta fito, sai abin ya juye gaba ɗaya. Tsofaffi dubbai sun samu shanyewar ɓarin jiki, kuma kuɗin kwantar da su ya haɗiye duk abin da aka ce za a rage, har ya nemi ƙari.

Ya kalli allon, ya kawar da kai. "Rabin nan ai ba shi da tushe."

"Ɗari bisa ɗarin fa, ina nasa tushen?"

"Tushensa tarbiyya. Wane ɗa ne zai zauna gari ɗaya da uwarsa ya kasa kai ta asibiti sau ɗaya a wata? Dakta, zagin 'ya'yan mutane kike yi."

"Ban zagi kowa ba," in ji ta. "Na daɗe ina duba tsofaffi. 'Ya'yan suna son su, wallahi suna so. Amma ɗan yana wurin aiki da safe, asibiti kuma da safe yake ganin mutane. Ka nema mana lokaci mu fita mu tambayi gidaje, ko kaɗan ne. In ba haka ba, ka sa amsoshin biyu a rahoto, manya su gani da idonsu."

Ya yi wata dariya mai ciwo. "Marasa lafiya nawa kika gani a rayuwarki? Ni miliyan gare ni a nan."

Dakta ta cire tabarau ta dube shi. "Innarka tana cikin shirin nan, ko?"

Nan take ya sha toka. "Tana ciki. Kuma tana da ni."

"To, Allah ya ba ka iko," in ji ta, ta tattara takardunta ta fita.

Tana fita ya goge amsar rabin, ya mayar da ɗari bisa ɗarinsa. Bai ji ko ɗar ba, don a ransa ya gama yarda cewa ita ce ke neman ɓata masa aiki mai kyau.

Ranar taron manya, ya tsaya ya zuba bayani, zane-zane suna ta wucewa a bango. Dakta ta ɗaga hannu ta sake kawo maganar zaton. Kafin ta rufe baki ya tare ta.

"Ranku ya daɗe, Dakta tana so mu rubuta a takardar hukuma cewa rabinmu 'ya'yan banza ne."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Kuma ku lura da wannan, jama'a, don nan abin yake: kowa a teburin nan yana da uwa ko uba, kuma kowa ya tabbata shi ɗa nagari ne. Wa zai ɗaga hannu ya ce shi kam ba lalle ya kai tasa ba? Aka sa hannu, aka tashi shan lemo. Dakta kuwa, ba da daɗewa ba aka mayar da ita wani ofis na ajiyar fayiloli a ƙasan bene.

Shi da kansa ya je ya gaya wa Inna, wannan dai ya yi. Ya same ta a bakin ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa a faranti.

"Babana, ɓatan hanya ka yi ne yau?"

"Haba Inna. Aiki ne ya yi yawa."

"Na sani. Zauna, kujerar Mai Awo ce, amma ta ara maka."

Ya zauna ya gyara murya. "Dama maganarta ce ta kawo ni. Daga wata mai zuwa ba za ta ƙara zuwa ba."

Inna ta ajiye faranti. "Laifi ta yi?"

"A'a, tsari aka canja. An bar shirin ga waɗanda ba su da kowa. Ke kuwa kina da ni."

"Wa ya ce a canja?"

"Ni na yi lissafin," ya faɗa, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ɗauki farantinta. "To, in kai ka yi, ai daidai ne. Allah ya yi albarka. Yarinyar dai tana da kirki, tana zama ta saurari surutuna."

"Ni zan riƙa zuwa duk wata in kai ki asibiti, Inna. Alkawari na ɗauka."

"Kar ka takura kanka, Babana."

Wata na farko ya cika alkawari. Ya ɗauke ta a mota, suka yanki kati, suka zauna a dogon benci. Layi ya ƙi tafiya. Ya tashi, ya zauna, ya duba waya, ya je ya yi wa mai kiran suna magana, aka ce ya koma ya jira kamar kowa. Ya ga tsofaffi da yawa a bencin ba kowa tare da su, amma ganin ido kawai ya yi musu, hankalinsa yana kan taron da ake yi ba shi. Sai bayan azahar suka fito. Washegari Darakta ya yi masa magana a gaban mutane, abin ya ɓata masa rai ƙwarai.

Wata na biyu sai ya ce a ransa, ai awon da aka yi ya yi kyau, me za a je a sake nema? Ya sayi maganin a kanti, ya ba mai babur ya kai mata.

Daga nan ya ce wa matarsa ta riƙa tuna masa. Ita ta ɗauka ya aika, shi ya ɗauka ta aika. In abin ya faɗo masa a rai a hanya, sai ya buga waya yana tuƙi.

"Inna, da sauran magani?"

"Akwai."

"Jikin fa?"

"Lafiya lau, Babana. Yi aikinka."

Sai ya kashe waya da sanyin zuciya. Amsar ta yi masa daɗi, saboda haka bai tona ta ba, kamar dai yadda ya yi da waccan lambar.

Auta takan kira shi daga garinsu. "Yaya, ka kai Inna asibiti kuwa? Muryarta ba ta yi mini ba."

"Ke, ni za ki koya wa kula da lafiya? Kin san mutum nawa nake ɗauke da su?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Yaya. Tambaya na yi."

A lokacin kuwa tauraronsa haskawa yake. Wasu hukumomi suka aro lissafinsa suka yi aiki da shi, aka ba shi lambar yabo ta gilashi ya ɗora a kan tebur, gayyata tana zuwa daga ko'ina. Watanni suka shuɗe, ƙafarsa ba ta taka gidan Inna ba, alhali a gari ɗaya suke kwana suna tashi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, yana wani babban ɗakin taro a otal yana yi wa baƙi bayani, wayarsa a kashe. Wani baƙo ya tambaye shi a kan ɗari bisa ɗarin nan. Ya maimaita barkwancinsa na 'ya'yan banza, aka sake yin dariya, aka tafa. Sai da ya gama gaisawa da mutane ya kunna waya, ya ga kiran maƙwabciyar Inna da na Auta sun cika fuskar wayar.

Maƙwabciyar ce ta tsince ta. Ta ga rana ta ɗaga Inna ba ta fito shara ba, ta leƙa, ta same ta a ƙasa kusa da gado, baki ya karkace.

Ya isa asibiti zufa tana keto masa. Ɗakin mata ya cika maƙil, har an ƙara gadaje a baranda, kusan duk tsofaffi. Wani likita matashi ya tare shi.

"Kai ne ɗanta? Yaushe aka auna jininta na ƙarshe?"

Ya buɗe baki. Mutumin da zai iya gaya maka hawan jinin mutum miliyan, shekara-shekara har mutuwarsu, ya tsaya yana lalube.

"An ɗan jima," ya ce.

"Tana shan magani a kan ƙa'ida?"

"Ta ce akwai."

Likitan ya dube shi. "Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye, magana ma ta tafi, kuma da wuya ta dawo. Ka je gida ka ɗauko mana abin da take sha." Yana juyawa ya ƙara da cewa, shi da kansa yake magana, "Tun da aka daina bin su gida, gadajen nan ba su huta ba." Bai san wanda yake gaya wa ba.

Baban Miliyan ya je gidan. Kujerar roba tana nan a inda take, ƙura ta hau ta. Ya ɗauko gwangwanin daga kan taga ya buɗe. Babu ƙwaya ko ɗaya cikakkiya a ciki. Wasu an raba su biyu, wasu an raba rabin ma biyu, sauran sun zama gari a gindin gwangwani. Ga wata tsohuwar reza a gefe.

Maƙwabciyar tana tsaye a ƙofa tana share ido da bakin mayafi.

"Tun da ta ga ya kusa ƙarewa take yanka shi," in ji ta. "Na ce ta bari in kira ka, ta hana ni. Ta ce kana da jama'a a kanka. Ta ce kai ka tsara abin, in ta yi ƙorafi za a ce tsarin ɗanta bai yi ba."

Ya zauna a bakin gadon ƙarfen da gwangwani a cinya, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi, kuma babu wanda zai ɗora wa laifin.

Auta ta iso washegari da rana, ido ya kumbura. Ta shiga ta ga Inna, ta fito ta same shi a baranda. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Yaya, ka san tsohuwar nan ta bayan gidanmu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba?"

Ya gyaɗa kai.

"Har gobe ana zuwa a auna ta. Ɗazu na gan ta da ƙafarta, ta zo duba Inna." Ta share ido. "Da Inna ba ta haife ka ba, da yau tana tsaye. Laifinta ɗaya, tana da ɗa a gari."

Ya sunkuyar da kai. Wannan ƙanwar da yake daka wa tsawa a waya, ranar ko ido bai iya haɗawa da ita ba.

Da ya koma ofis, bai gaisa da kowa ba. Ya kunna kwamfuta, ya nemo layin da ya rubuta zatonsa, ya mayar da shi rabi, ya danna. Amsar da ya goge ta dawo yadda take, ba ta canja ko ɗigo ba. A da lambobi ya gani. Yanzu kuwa ya san kowace ɗaya tana da gado da taga da gwangwani. Ya buga takardar ya hau wurin Darakta.

"Yallaɓai, akwai kuskure a lissafin nan. A dawo da shirin yadda yake a da."

Darakta ya karanta, ya ajiye, ya tura masa takardar. "Kai ka tsaya a gaban kowa ka ce babu. Yawancin ma'aikatan an sallame su, kowa ya kama gabansa. Kuɗin an riga an kai shi wani wuri. Da me zan dawo da shi?"

"Mutane suna faɗuwa, yallaɓai. Mahaifiyata tana kwance."

"Na ji, Allah ya ba ta lafiya. Ka rubuto, a duba a kasafi na gaba in da hali. Amma kar ka yi ta yawo da maganar nan, sunan hukuma ne a ciki, da naka."

Ya sauko har ƙasan bene, ofishin fayiloli, inda ko taga babu. Dakta tana zaune a tsakanin kwalaye. Ya shirya jin "ai na gaya maka", har yana so ta faɗa. Ita kuwa ta ɗago kai ta ce, "Ya jikin Inna?"

Wannan tambayar ta fi zagi yi masa zafi.

"Zauna mu rubuta," in ji ta, ta janye kwali daga kan kujera. "Ba zai tashe ta ba, amma akwai sauran iyaye."

Suka rubuta, da amsoshin biyu, da sunansa a ƙasa. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka sa a durowa. Kasafi ya zo ya wuce, shirin bai dawo ba. Hukumomin da suka ari lissafinsa kuwa suna nan suna aiki da shi, don wasiƙar gyara ba ta tafiya da saurin da yabo ya yi. Ya daina barkwancin shayi. Sunan Baban Miliyan ma mutane suka daina kiran sa da shi a gabansa, don sun ga yadda fuskarsa take yi.

Inna tana gidansa yanzu, a benen nan da ta ce ba za ta iya zama ba. Ba a tambaye ta ba, ɗauko ta aka yi. An sa mata gado kusa da taga, amma babu abin da ake gani sai bangon wani gini.

Ya sayi na'urar awo mai kyau, ya koyi ɗaura ta. Kullum da safe kafin ya fita yakan je ɗakinta, ba fashi, ɗari bisa ɗari.

Da ta ji motsin ƙofa sai fuskarta ta washe, ɓarin da ya rage yana motsi. Ta miƙa dantsen hagu, tana goga shi a jikin katifa don hannun rigar ya naɗe, tun da hannun da ke naɗe shi ya mutu. Sai ta ga shi ne. Hasken ya ɗauke daga fuskar a hankali, amma ba ta janye hannun, don Inna ba ta taɓa son ta ba ɗanta kunya ba.

Ya durƙusa ya naɗe mata rigar, ya ɗaura, na'ura ta hura ta sace.

"Ya sauka, Inna," yakan ce. "Daidai yake yau. Ni ne, Inna. Babanki ne."

Ita kuwa hannunta yana cikin nasa, idonta yana kan ƙofa, tana jiran Mai Awo.

Darasi: Ilimi da na'ura ni'ima ne, amma kwamfuta abin da ka zuba mata shi take dafa maka. In an ba ka amanar yanke wa jama'a hukunci, kada ka sa zato a inda ya kamata ka fita ka tambaya, kada ka ɓoye amsar da ba ta yi maka daɗi ba, kuma kada girman kai ya sa ka mayar da mai yi maka gyara abin dariya. Kafin ka rantse a kan abin da mutane za su yi, fara duba abin da kai kake yi. Mu kuma da iyayenmu ke raye, "lafiya lau" a waya ba awo ba ne, sau da yawa don kar su dame mu suke faɗa. Tashi ka je da ƙafarka, ka buɗe gwangwanin maganin ka gani da idonka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana gari ɗaya da mahaifansa amma ya ɗauke ƙafa.